Yadda Ƙanƙarar Ƙarshen Duniya Ke Tura Ruwa Ƙasan Teku

A farkon shekarar 1751 wani Bature mai suna Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin ruwan Ingila mai jigilar bayi daga Afirka ta Yamma, ya aika wa wani malami a ƙasarsu, Stephen Hales, da wasiƙa mai ɗauke da labarin ban mamaki. Malamin nan ya ba shi wani guga na musamman mai marfi sama da ƙasa, wanda idan aka zura shi cikin teku sai ya ɗebo ruwan zurfi ya rufe kansa. Ellis ya zura gugan a tsakiyar Tekun Atlantika, can yamma da gaɓar Sahara inda rana ke ƙuna, har igiya ta kai zurfin mita 1,600 da ɗoriya. Ruwan sama ɗumi gare shi, digiri 29 a ma'aunin Santigired. Wanda gugan ya ɗebo kuwa bai cika digiri 12 ba. Abin da ya fi daɗaɗa wa kyaftin ɗin rai shi ne ya sami ruwan wanka mai sanyi da abin sanyaya giyarsa. Haka ilmin zurfin teku ya soma, a kan jirgin bayi.

To, daga ina sanyin nan ya fito? Rana na dukan wannan wuri shekara da shekaru, ko da can ma bai san ƙanƙara ba. In da ruwan zaune yake wuri ɗaya, ai da tuni zafi ya ratsa shi har ƙasa. Wani masani haifaffen Amurka, Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, shi ne a 1797 ya ba da amsa, ya ce lalle ruwan nan baƙo ne, daga ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na duniya yake gangarowa ta ƙarƙashi. Ya faɗi gaskiya. Sai dai ko shi bai san girman abin ba, domin Ellis saman abin kawai ya taɓa. Yau an san cewa idan aka haɗa dukan ruwan tekunan duniya aka gauraya, zafinsa ba zai kai digiri 4 ba. Ɗumin da mai wanka ke ji a bakin teku a Legas, ɗan mayafi ne kawai a bisa wani tafkeken ruwa mai sanyin firji.

GISHIRI DA SANYI

Abu biyu ne ke ƙara wa ruwan teku nauyi, watau sanyi da gishiri. Duk wanda ya taɓa jefa ɗanyen ƙwai cikin ruwan da aka zuba wa gishiri da yawa ya ga ya taso, ya riga ya san rabin maganar. Ruwa mai nauyi ƙasa yake nema, mara nauyi kuwa ya hau kansa ya zauna.

A cikin kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35. Wannan gishiri ya sa halinsa ya bambanta da na ruwan daɗi. Ruwan tafki ko na kogi yakan kai iyakar nauyinsa a digiri 4, in ya ƙara sanyi sai ya soma sauƙi. Ruwan teku ba haka yake ba. Shi ƙara nauyi yake ta yi har ya kai inda zai daskare, kuma ba ya daskarewa sai ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifiri.

Amma sanyi kaɗai bai isa ya kai ruwa har ƙasan teku a kudancin duniya ba. Sai gishiri ya sa hannu. A nan ne ƙanƙara ke yin aikinta.

Yaran da ke sayen zoɓo mai ƙanƙara a leda sun san wani abu da masana suka daɗe suna aunawa. Idan aka fara tsotsa, zaƙin da jan ne ke fara fitowa, a ƙarshe a bar mutum da farar ƙanƙara salam. Dalili kuwa shi ne ƙanƙara ba ta son baƙo a jikinta. Sa'ad da ruwa ke daskarewa, tsantsar ruwan ne ke sandarewa, sukari ko gishiri kuwa a ture shi gefe. Haka ruwan teku yake yi. Ƙanƙarar da ta shekara a kan teku ba ta riƙe da fiye da ɗan kaɗan daga gishirin da ke cikin ruwan da ta fito. Sauran yana taruwa a 'yan ƙananan jijiyoyi cikin jikin ƙanƙarar, ya zama kakkauran ruwan gishiri mai tsananin sanyi, sa'an nan ya tsiyaye ƙasa cikin teku. Masu haƙar gishiri a Bilma rana ce ke janye musu ruwa ta bar gishiri a rami. A ƙarshen duniya sanyi ne ke janye ruwan, amma sakamakon ɗaya ne, abin da ya rage ya fi na da gishiri, ya kuma fi nauyi.

An ma ɗauki hoton abin yana faruwa. A 2011 ma'aikatan gidan talabijin na BBC suka nuna wani hoto da suka ɗauka a ƙarƙashin ƙanƙara kusa da tsibirin Ross, inda ruwan gishirin nan ke zubowa. Saboda ya fi ruwan da ke kewaye da shi sanyi, sai ya riƙa daskarar da shi, har aka sami wani bututu na ƙanƙara yana tsirowa daga sama zuwa ƙasa kamar yatsa. Da ya taɓa ƙasa sai ya malala, duk wata ƙaramar halittar da ta kasa gudu ta sandare nan take.

MASANA'ANTAR ƘANƘARA

Nahiyar Antaktika, wadda ke can ƙuryar kudu, teku ne ya kewaye ta. Lokacin sanyinta ya zo daidai da damina a Nijeriya. Kowace shekara ƙanƙarar da ke kan tekun nan takan bazu har ta kai wajen murabba'in kilomita miliyan 18 a watan Satumba, watau kusan girman Nijeriya sau 20, sa'an nan ta narke ta koma kamar miliyan 3 ko ƙasa da haka a watan Fabrairu.

Mai karatu zai iya zaton ko'ina a wannan fili ake samun ruwan mai nauyi. A'a. Da zarar ƙanƙara ta yi kauri sai ta zama bargo, ta kare ruwan da ke ƙarƙashinta daga sanyin iska, daskarewa ta ragu. Ana bukatar wurin da za a riƙa kwashe sabuwar ƙanƙara da zarar ta yi, don wata ta samu wuri.

Iska ce ke wannan shara. Tsakiyar Antaktika tudu ne na ƙanƙara mai tsawon mita dubbai. Iskar da ke kwance a kansa takan yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro zuwa gaɓa kamar ruwan da ya ɓalle daga dutse. Ƙaƙƙarfan hunturu wasa ne a gabanta. Douglas Mawson, ɗan Ostareliya, wanda ya jagoranci wata tawaga tsakanin 1911 da 1914, ya kafa sansaninsa a wani wuri mai suna Cape Denison ba tare da sanin abin da ya taka ba. A wurin nan, idan aka yi lissafin shekara guda dare da rana, matsakaicin gudun iska yana tsakanin kilomita 70 da 80 a awa. Mutanensa sai da suka koyi tafiya a sunkuye da takalma masu ƙusoshi.

Irin wannan iska idan ta iso teku sai ta ture ƙanƙarar bakin gaɓa ta yi waje da ita, ta bar ruwa a buɗe a tsakiyar lokacin sanyi. Masana na kiran irin wannan buɗaɗɗen ruwa da sunan da Rashawa suka ba shi, foliniya. Ruwan ya sake daskarewa, iska ta sake turewa, ya sake daskarewa, haka dai wata da watanni. Wuri ɗaya yakan haifi ƙanƙarar da in an jera ta za ta kai kaurin mita da yawa a shekara, kuma kowane zubi sai ya bar gishirinsa a baya. Gishirin yana taruwa a kan dakalin gaɓa, watau wannan tudun ƙarƙashin ruwa da ke kewaye da nahiya kafin a faɗa zurfi sosai.

Abin mamaki shi ne a duk faɗin gaɓar Antaktika wurare huɗu ne aka sani suna fitar da ruwan da ke kai wa ƙasan teku: Tekun Weddell, wanda ke fuskantar Atlantika kuma ya fi sauran bayarwa, da Tekun Ross, da gaɓar Adelie kudu da Ostareliya, sai Cape Darnley. Na huɗun nan ba a tabbatar da shi ba sai a 2013, lokacin da wani masani ɗan Japan, Kay Ohshima, da abokan aikinsa suka bayyana bincikensu. Cikin waɗanda suka taimaka musu har da dabbobi. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai ɗan kama da ayu, wadda namijinta ke da hanci kamar guntun haurin giwa ya lanƙwasa, tana nutso fiye da mita 1,500 wajen neman abinci. Sai aka manna wa waɗansunsu 'yan na'urori a ka masu auna zafi da gishiri. Dabbobin suka shiga inda babu jirgin da zai iya shiga a lokacin sanyi, in sun taso shan iska na'urar ta aika da rahoto ta tauraron ɗan Adam.

A Tekun Weddell akwai wani ƙarin mataki. Wani sashe na ruwan gishirin yana kutsawa ƙarƙashin wani makeken faifan ƙanƙara mai suna Filchner-Ronne, wanda ya zubo daga tudu yana yawo a kan teku, girmansa ya kusa rabin Nijeriya. A can ƙarƙashi, saboda nauyin da ke danne shi, ruwa yana iya wuce digiri 2 ƙasa da sifiri bai daskare ba. Yakan fito daga nan yana cikin ruwan da ya fi kowane sanyi a tekunan duniya.

TAFIYA AREWA

Idan dakalin ya cika, ruwan sai ya tsallake bakinsa ya gangara, yana bin kwazazzabai na ƙarƙashin teku, yana jan ruwan da ya tarar a hanya yana gauraya da shi, har ya sauka zurfin mita 4,000 ko fiye. An ƙiyasta tan tiriliyan 250 ke nutsewa haka kowace shekara. In aka raba wannan da daƙiƙoƙin shekara, ya fi abin da Kogin Kwara ke zubawa cikin teku sau dubu. Ruwan nan, wanda ake kira ruwan ƙasan Antaktika, ya kai wajen sulusin dukan ruwan tekunan duniya.

A cikinsa ne jirgin Ernest Shackleton mai suna Endurance, wanda ƙanƙara ta matse ya nutse a 1915, ya kwanta shekara fiye da 100. Da aka gano shi a watan Maris na 2022, a zurfin mita 3,008 cikin Tekun Weddell, har sunansa ana iya karantawa a jikin katako. Jirgin da ya kai masu neman kuwa, S.A. Agulhas II, na Afirka ta Kudu ne.

Daga nan ruwan ya kama hanyar arewa, a hankali, tafiyar da ko hawainiya za ta raina a yawancin wurare. Jamusawan da suka yi ta kai da kawowa a Atlantika cikin jirgin Meteor daga 1925 zuwa 1927 su ne suka fara zana shi sosai, inda Georg Wüst ya nuna teku hawa-hawa yake, kowane hawa da asalinsa. A 1958 Henry Stommel na Amurka ya bayyana cewa juyawar duniya na sa ruwan zurfi ya manne wa gefen yamma na kowane teku. Shi ya sa a Atlantika ruwan Antaktika yake bin gefen Ajantina da Barazil, yana matsawa ta wani siririn lungu mai suna Vema.

Ta gefen Afirka kuwa an tare masa hanya. Akwai jerin duwatsu a ƙarƙashin ruwa, Walvis, da suka taso daga gaɓar Namibiya suka yi masa shinge, ga kuma dogon tsaunin da ya raba Atlantika biyu daga kudu zuwa arewa. To, sai ruwan ya yi zagaye. Daidai kan layin da ya raba duniya biyu akwai wata tsaga a tsaunin mai suna Romanche, wadda zurfinta ya wuce mita 7,000. Ta nan da wata 'yar'uwarta yake kwararowa gabas, ya shiga kwarin Tekun Gini. Watau ke nan, can nesa da gaɓar Legas da Fatakwal, a ƙasan ruwa inda haske bai taɓa kaiwa ba, akwai ruwan da asalinsa ƙanƙarar Tekun Weddell ce, ko da yake ya sha gauraya a hanya.

Wanda ya bi ta Tekun Fasifik ya fi daɗewa. Ruwan zurfi da ke arewacin wannan teku rabonsa da ganin sarari ya fi shekara 1,000, tun kafin Sarki Gijimasu ya aza harsashin ganuwar Kano.

Ƙuryar arewa ma tana da nata. A tekunan da ke kusa da Girinlan, ruwa mai gishiri da ya taso daga wurare masu zafi yakan huce ya nutse, kuma a can sanyin iska ya fi ƙanƙara aiki. Tsakanin Girinlan da Aislan yana faɗawa daga wani tudu na ƙarƙashin teku, gangara ta fiye da mita 3,000, wadda babu irinta a bisa ƙasa. Amma inda ruwan arewa da na kudu suka haɗu a Atlantika, na kudu ne ke shigewa ƙarƙashi.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Mutum zai ce, to, ina ruwan manomi a Funtuwa ko masunci a Badagiri da wannan? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa ba ta kusa ba ce, amma akwai ta.

Da farko dai, ta nan ne ƙasan teku ke numfashi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin, kuma wanda ya nutse a Antaktika da ita yake sauka. Ba don shi ba, da zurfin teku ya zama kamar tsohuwar rijiya da aka rufe. Sa'an nan duk ruwan da ya sauka sai ya ture wani ya tashi. Matattun halittu da ke zuba ƙasa suna ruɓewa su zama taki, tasowar tsohon ruwa ce ke maido da takin nan sama inda ƙananan tsirran teku ke ci, kifi kuma ya ci su. Har ila yau teku ne ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya jawo wa duniya, da wajen rubu'in hayaƙin kabon ɗin kansa. Ruwan da ke nutsewa yana cikin masu kai wannan kaya ƙasa su ɓoye na ɗaruruwan shekaru.

Game da damina kuwa, sashen arewa ne ya fi shafar ta. Laka da aka haƙo daga ƙasan teku kusa da gaɓar Sanagal ta nuna cewa a zamanin da can, duk lokacin da nutsewar ruwa a arewacin Atlantika ta yi rauni, ruwan sama yakan ja da baya zuwa kudu, yankin Sahel ya faɗa cikin fari mai tsawo. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da kalmar ke nufi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Bambancin da ke tsakanin ruwan da zai nutse da wanda ba zai nutse ba ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai giram ɗaya na gishiri a kilo ba. Ƙanƙarar da ke bisa tudun Antaktika kuwa, wadda asalinta dusar ƙanƙara ce ba gishiri a cikinta, tana raguwa da wajen tan biliyan 150 a shekara, bisa ga awon taurarin ɗan Adam tun daga 2002. Duk wannan ruwan daɗi ne ke shiga teku, daidai wuraren da ake bukatar gishiri. Kamar mai miya ne yana zuba gishiri wani na bayansa yana ƙara ruwa.

An ga misalin saurin lalacewar abin a gaɓar Adelie. Akwai wani dogon harshen ƙanƙara mai suna Mertz da ya miƙe cikin teku yana tare ƙanƙarar da ke tahowa daga gabas, shi ya sa foliniyar da ke bayansa take zama a buɗe. A watan Fabrairu na 2010 wani tsohon dutsen ƙanƙara mai yawo, B-9B, ya banke shi, wani yanki mai tsawon kusan kilomita 80 ya ɓalle. Shingen ya tafi, haihuwar sabuwar ƙanƙara ta ragu, gishirin ruwan wurin ya ragu a shekarun da suka biyo. Wannan karo ne na tsautsayi ba aikin ɗan Adam ba, amma ya nuna yadda dutse ɗaya ke iya taɓa masana'anta ɗaya daga cikin huɗu.

A 2023 aka fitar da bincike biyu da suka tayar da hankali. A watan Maris, Qian Li da Matthew England da abokan aikinsu suka buga sakamakon lissafin kwamfuta a mujallar Nature, inda suka ce in aka ci gaba da fitar da hayaƙi da yawa, nutsewar ruwan Antaktika za ta ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 kafin 2050. Bayan wata biyu Kathy Gunn, ta hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, da nata abokan aikin suka zo da awon da aka yi a cikin teku kansa, ba lissafi ba. Suka nuna cewa a kwarin da ke kudu da Ostareliya abin ya riga ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 tun daga shekarun 1990, iskar oksijin ta ƙasa ita ma ta ragu. Idan ruwan sanyi ya ja baya, mai ɗumi ne ke maye gurbinsa, ruwa mai ɗumi kuwa kumbura yake yi. Garuruwan da ke zaune daf da teku, irin su Legas, kowane santimita na tashin ruwa lissafi ne a gare su.

Gaskiya dai ba kowane labari ne ya tafi hanya ɗaya ba. A Tekun Ross an shafe wajen shekara 50 ana ganin gishiri na raguwa, sai ga shi bayan 2014 ya farfaɗo, saboda sauyin iska ya sa an sami ƙarin haihuwar ƙanƙara na 'yan shekaru. Masu cewa a yi hattara da hasashe suna kafa hujja da wannan, kuma suna da tasu gaskiyar. Sai dai a watan Fabrairu na 2023 ƙanƙarar tekun Antaktika ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da aka fara awo da tauraron ɗan Adam a 1979, kuma da sanyin shekarar ya zo ba ta cika miliyan 17 ba.

Wahalar ita ce awon. Na'urorin Argo kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya suna auna zafi da gishiri, yawancinsu iyakarsu mita 2,000, ruwan da ake magana kuwa yana ƙasa da nan. An soma sakin waɗansu sababbi masu iya kaiwa mita 6,000, amma har yanzu ba su da yawa. A lokacin sanyi kuma, daidai sa'ad da ruwan ke nutsewa, duhu da ƙanƙara sun rufe gaɓar Antaktika, jirage sun koma gida. Abin da ke kawo labari a watannin nan shi ne na'urorin da aka ɗaure da anga a ƙasan teku, waɗanda sai bayan shekara ɗaya ko biyu ake komawa a ciro su, da kuma dabbobin nan masu na'ura a ka.